Ƙwayoyin ɗan Adam a idon ɓera: yadda ake gwajin dashen tantanin gani

Wanda ke son ganin abin da ake magana a kai da idonsa, ya nemi idon rago ɗanye wurin mahauta a kasuwar Maraɗi, ko ya cire ɗaya ranar Layya kafin a babbaka kai. A sa reza a zagaye shi a raba biyu kamar goro. Wani ruwa mai kauri irin farin ƙwai zai zubo, tare da ɗan dunƙule mai ɗaukar ido kamar ƙwallon gilashi, wato madubin ido. A cikin kwanon baya kuma za a tarar da wata fata siririya, toka-toka, tana saɓulewa kamar jiƙaƙƙiyar takarda, ba ta riƙe da komai sai wuri ɗaya, inda jijiyar gani ta fita. Wannan fatar ita ce tantanin gani, retina a bakin likitoci. Shuɗin nan mai sheƙi da ke ƙarƙashinta shi ke sa idon akuya ya haska in fitilar mota ta doke shi da dare, kuma mutum ba shi da shi.

A idon mutum kaurin tantanin bai kai rabin milimita ba, amma hawa-hawa yake. Can ƙasa akwai ƙwayoyin da ke kama haske, iri biyu: masu siffar sanda, kusan miliyan 100, su ke aikin dare, da masu siffar mazurari, kusan miliyan 5, su ke rarrabe launi da karanta ƙananan rubutu. Mazuraran sun fi cunkushewa a wani ɗan fili na tsakiya mai suna makula, faɗinsa milimita biyar da rabi. Saƙon da suka kama yakan bi ta ƙwayoyin tsakiya, ya isa ga wasu da ke saman tantanin, wato ƙwayoyin jijiya, waɗanda zarurrukansu sama da miliyan ɗaya suka haɗu suka zama jijiyar gani. A ƙarƙashin duka akwai wata baƙar shimfiɗa mai kaurin ƙwaya ɗaya tak, ƙwayoyinta masu kusurwa shida kamar saƙar zuma. Likitoci na taƙaita sunanta da RPE. Aikinta aikin uwar gida ne: tana ciyar da masu kama haske, tana sabunta musu bitamin A, kuma kowace rana tana cinye kusan kashi ɗaya cikin goma na tsinin kowannensu da ya tsufa ya karye. In ta mutu, shara ta taru, su ma sai su bi ta.

Matsalar ita ce waɗannan ƙwayoyi ba sa tsirowa in sun mutu. Akwai kifayen da ke sake gina tantaninsu in ya lalace, amma mutum da sauran masu shayarwa ba su da wannan baiwa. Shi ya sa masu bincike ke renon sababbin ƙwayoyi a faranti domin dasawa a ido, suna fara gwada su a idon dabbobi kafin mutum.

A nan ya kamata a raba zare da abawa, domin yawancin makantar da ake gani a ƙasarmu ba ta shafi wannan bincike ba. Yanar ido a madubi take, tiyata ta ƴan mintoci ke kawar da ita. Amodari da hakiya a gaban ido suke. Inda batun ya taɓo mu shi ne dundumin gado: yaro ya fara laluben hanya da magariba, an ba shi bitamin A bai warke ba, gani na ta tsukewa daga gefe shekara bayan shekara har ya zama kamar mai leƙe ta cikin kara. Wannan mutuwar sanduna ce, kuma wasu nau'o'inta sun fi bayyana inda auren zumunta ya yi yawa, saboda sai yaro ya gaji lahanin daga uwa da uba duka. Sai kuma lalacewar makula ta tsufa, wadda ke cinye tsakiyar gani ta bar gefe.

Daga ina ƙwayoyin suke fitowa

Ƙwayoyin tushe su ne waɗanda ba su riga sun zaɓi sana'a ba, suna iya zama kowace irin ƙwaya ta jiki. A 1998 James Thomson a jami'ar Wiskonsin ta Amurka ya fara reno irin na ɗan Adam daga ɗan tayi mai kwana biyar ko shida, ragowar aikin haɗa ƙwai a kwalba. A 2006 Shinya Yamanaka a Kiyoto ta Japan ya nuna cewa in aka cusa umarnin gado guda huɗu cikin ƙwayar fatar ɓera, takan manta cewa ita fata ce ta koma tushe. A 2007 ya yi hakan da ta mutum, a 2012 aka ba shi lambar Nobel. Yanzu ɗan jini daga hannun baligi ya isa a fara. Ga mai tambayar hukuncin addini, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa ta zauna a Makka a 2003 ta halatta amfani da ƙwayoyin tushe matuƙar an samo su ta halattacciyar hanya, kamar jikin baligi da izininsa, ko mabiyiya da cibiya da izinin iyaye, ta kuma haramta zubar da ciki da gangan domin samun su.

Mayar da ƙwayar tushe ƙwayar ido aiki ne na haƙuri. Ana ajiye su a faranti cikin akwatin reno, wanda ya yi kama da na ƙyanƙyasar ƙwai da masu kiwon kaji suka sani, zafi 37, iskar kabon kashi 5 cikin ɗari, dare da rana. Ruwan abincinsu ja ne saboda wani rini da ake sawa: in ya koma rawaya, ƙwayoyi sun yi yawa ko ƙwayar cuta ta shiga, in ya koma shunayya, iskar kabon ta tsere, ko dai an bar ƙofa buɗe ko wuta ta ɗauke. Ana canza ruwan kullum ga ƙwayoyin tushe, bayan kwana biyu ko uku ga waɗanda suka fara girma. Baƙar shimfiɗa ita ce mai sauƙi. Da taimakon sinadarai irin su nikotinamid da aktibin A, cikin mako huɗu zuwa shida za a ga ɗige-ɗige masu duhu a faranti ko ba madubin ƙara girma, a tsince su a sake shukawa. Ana gane ta nuna in ƙwayoyin sun jeru da kusurwa shida, sun manne da juna har wutar gwaji ba ta ratsa su da sauƙi, kuma in aka zuba musu tsinin masu kama haske sun cinye.

Masu kama haske sun fi wuya. A 2011 ƙungiyar Yoshiki Sasai a cibiyar RIKEN da ke Kobe ta nuna cewa dunƙulen ƙwayoyin tushe na ɓera, in aka bar shi yana yawo a ruwa, da kansa yake lanƙwasawa ya zama kofin ido; shekara guda bayan haka suka maimaita da na mutum. Waɗannan ƴan dunƙulen, kowanne milimita ɗaya ko biyu, suna bin agogon cikin mahaifa sak. Ƙwayoyin jijiya ke fara fitowa, mazurarai su biyo, sanduna su zo a makare, kuma tsinin da ke kama haske ba ya bayyana sosai sai an haura kwana 150. Ba a iya yi musu gaggawa. Wata shida na reno na iya tafiya a banza saboda dare ɗaya da wuta ta ɗauke injin bai tashi ba, abin da duk wanda ya san zafin watan Afrilu a Maraɗi zai fahimci nauyinsa.

Sai tambayar da manoman rani na Jiratawa suka fi kowa sanin amsarta: yaushe ake cire dashe? Irin tumatir da aka tumɓuke da wuri ba ya jure rana, wanda ya daɗe a fage kuma saiwarsa ta tsinke. Haka yake a nan. Ƙwayar da ba ta gama zaɓar sana'a ba za ta ci gaba da rabuwa a cikin ido ta yi tudu. Wadda ta nuna sosai, da dogayen rassanta, takan mutu wajen rabawa. Ana neman wadda ta daina rabuwa, ta ɗauki hanyar zama mai kama haske, amma ba ta gama girma ba. Don raba dunƙulen ana amfani da papayin, wanda daga ƙaron gwanda ake samunsa, shi ne dai abin da ke sa ganyen gwanda ya tausasa nama. Ana ƙara wani sinadari mai narkar da yauƙin da matattun ƙwayoyi ke saki, in ba haka ba duka su dunƙule su toshe allura. Daga nan a ɗebi kaɗan a haɗa da shuɗin rini: matattu su sha shuɗi, rayayyu su ƙi. In matattun sun yi yawa, a zubar kawai, domin gawarsu ce za ta kira garkuwar jiki.

Kowace dabba da irin ƙaryarta

Ba a kai ƙwayoyin nan idon mutum kai tsaye saboda akwai tambayoyin da faranti ba ya amsawa: za su rayu? za su zauna inda aka sa su? za su haɗu da jijiyoyin mai gida? za su zama ƙari? Amma babu dabbar da ke amsa duka huɗun.

Ƙaramin ɓera, kusu, shi ne mai araha, kuma akwai zuriyoyinsa masu makantar gado irin ta mutane. Wanda ake kira rd1 sandunansa sun ƙare kafin ya cika wata guda da haihuwa. Rd10 ya fi shi jinkiri kaɗan. Sai dai idon kusu milimita uku ne da ɗoriya, na mutum 24. Madubi ya cinye mafi yawan cikinsa, ruwan da ya rage kusan mikrolita 5 ne, alhali ɗigo ɗaya na maganin ido ya kai mikrolita 30 zuwa 50. Ba shi da makula, mazurarai kusan kashi 3 cikin ɗari ne kawai na masu kama haskensa. Dabbar dare ce, ana tambayarta labarin karatun rana.

Babban ɓera mai suna RCS shi ne jakin binciken baƙar shimfiɗa. A shekarar 2000 aka gano cewa lahaninsa a umarnin gado mai suna Mertk yake: shimfiɗarsa ba ta iya cinye shara, sai masu kama haske su mutu cikin wata biyu zuwa uku. Ana yi masa dashe yana da kimanin mako uku, kafin ɓarna ta yi nisa. A 2006 Raymond Lund da abokan aikinsa suka nuna cewa shimfiɗar da aka reno daga ƙwayoyin tushe na mutum ta tsare ganin wannan ɓera. Amma RCS na da wani hali da ya yaudari mutane da yawa: ko ruwan gishiri zalla aka tsira masa, tantanin kan ɗan farfaɗo na wani lokaci a kusa da wurin allurar, saboda raunin kansa na sa ido ya saki sinadaran kariya. Haka kuma ƙwayoyin da ba su da alaƙa da ido sukan jinkirta makantarsa ta hanyar abin da suke fitarwa. Don haka a RCS, ganin ya daɗe bai nuna cewa dashen ya karɓi aikin shimfiɗar ba.

Zomo na da babban ido mai daɗin koyon tiyata, amma jijiyoyin jinin tantaninsa ba irin namu ba ne. Alade girman idonsa ya kusa na mutum, shi ya sa a kansa ake gwada kayan aiki da dabarar hannu. Ƙungiyar asibitin ido na Moorfields a Landan da ta cibiyar binciken ido ta Amurka duk sun bi ta kansa kafin su taɓa mutum. Abin lura, aladen wurin gwaji ne kawai, ba a ɗauko wani abu daga idonsa a sa wa majiyyaci. Biri kaɗai ke da makula irin tamu, shi ne kuma mafi tsada da nauyin amana, don haka kaɗan ake amfani da shi, a ƙarshen hanya. Da yake manyan dabbobin nan ba su cika samuwa da makantar gado ba, sai a jawo musu ita: hasken leza a ƙone ɗan wuri, ko sodiyam ayodet da ke kashe baƙar shimfiɗa. Rauni ne na kwana ɗaya ake kwatanta shi da ciwon shekara ashirin, kuma mai karanta sakamako ya riƙe wannan a ransa.

Aikin allurar kansa

A auna kusu, giram 20 zuwa 25, a yi masa allurar barci ta ketamin da zailazin daidai nauyinsa, a kwantar da shi kan shimfiɗa mai ɗumi. Ɗumin ba kwalliya ba ne: in jikinsa ya yi sanyi ko idon ya bushe, madubi kan yi fari cikin mintoci, mai aiki ya daina ganin komai a ciki. A ɗiga tropikamid da fenilefrin su buɗe tagar ido, a sa man ido mai kauri, a ɗora ɗan siririn gilashi a kai domin a hango bayan idon ta madubin tiyata. Da allura mai lamba 30 a huda farin ido daf da inda ya haɗu da baƙi. Ta wannan hudar ake zura wata allurar mai dakusasshen baki, lamba 33 ko 34, siririya kamar gashin wutsiyar doki, a kan sirinjin gilashi. A karkace ake shiga domin a kauce wa madubi, har bakin ya kai tsakanin tantanin da baƙar shimfiɗa. Nan ake tura mikrolita ɗaya ko biyu, ɗauke da ƙwayoyi dubu 100 zuwa dubu 500 gwargwadon gwajin, a hankali. In an dace, za a ga tantanin ya taso kamar bororon ƙuna. Wato da gangan aka ɗaga shi, kuma cikin kwana ɗaya zuwa ƴan kwanaki shimfiɗar kan tsotse ruwan ya koma ya kwanta a kan baƙin.

Hanyoyin lalacewa sun fi na dacewa yawa. Allura ta goge madubi, yana ta fito, idon ya fita daga lissafi. Ta zarce ta huda jijiyoyin jini na baya, jini ya cika wurin, jini kuma guba ne ga masu kama haske. An zare ta da sauri, matsin cikin ido ya tunkuɗo ƙwayoyin ta hudar da suka shiga; shi ya sa ake barin allurar a wurin na ɗan lokaci bayan an gama turawa, wasu ma sukan fara rage ruwan gaban ido. Ƙwayoyin baƙar shimfiɗa da suka ɓalle zuwa cikin ruwan ido sun fi kowanne haɗari: sukan bazu a saman tantanin, su canza hali su zama tabo, tabon ya tsuke ya finciko tantanin gaba ɗaya. Akwai kuma kuskuren da ba a gani da ido: ƙwayoyi na kwantawa a gindin kwalba, in ba a motsa ba kafin kowace ɗiba, ɓeran farko da na goma ba su samu adadi ɗaya ba, alhali takarda ta ce sun samu.

A alade da biri tiyata ce cikakkiya irin ta mutum. A yi huda uku, a tsotse ruwan nan mai kauri, a ɗaga tantanin da bututu mai lamba 38 zuwa 41. In faci za a sa, wato ƙwayoyin da aka jera tun a faranti kan wani siririn yanki, sai an tsaga tantanin an zura shi ta ƙasa. Facin ya fi ruwan ƙwayoyi tsari, domin shimfiɗa na da sama da ƙasa, kuma ƙwayoyin da aka watsa a ruwa sukan faɗi yadda suka ga dama, wasu a kife, wasu a tsibi. Amma tsagarsa ta fi girma, haɗarinsa ma haka. Yankin tantanin da aka yanko daga dunƙulen reno shi kuma yakan naɗe ya zama ƴan zobba, tsinin masu kama haske na kallon tsakiyar zoben maimakon baƙar shimfiɗa.

Sai garkuwar jiki. An daɗe ana cewa ido wuri ne da garkuwa ke ɗaga wa ƙafa, kuma da gaskiya a ciki, amma a lafiyayyen ido. Ido mai ciwo da aka huda da allura katangarsa ta riga ta tsage, baƙon kuma ba ma jinsi ɗaya ba ne. Mafita biyu ce. Ko a danne garkuwar da magani, kamar siklosporin da ake zuba wa manyan ɓeraye a ruwan sha, miligiram 210 a lita, tare da allurar deksametazon a makonnin farko. Matsalarsa, ɓeran da bai sha ruwa sosai ba bai sha magani ba, sai an riƙa auna jini. Ko kuma a yi amfani da dabbar da aka haifa ba garkuwa, irin ɓerayen nan marasa gashi, waɗanda sai a ɗaki mai tataccen iska da dafaffen abinci suke rayuwa. A jikinsu dashe kan yi wata da watanni, sai dai ba su faɗa maka komai game da yadda jikin mutum mai cikakkiyar garkuwa zai karɓe shi.

Ta yaya ɓera zai ce ya gani

Nan ne aikin ya fi santsi. Na'urar OCT na nuna hawa-hawan tantanin da dabbar na raye, a ga ko dashen na nan, amma kasancewa a wurin daban, aiki daban. Gwajin ERG na auna wutar da ido duka ke fitarwa in an haska shi. Dashen da ya rufe ɗan lungu ba ya iya motsa wannan ma'auni, don haka ERG kan fito shiru ko da dashen na aiki. Akwai gwajin ganga: a ɗora ɓera a tsakiya, ratsin fari da baƙi na zagaya shi, in yana gani kansa kan bi su ba da saninsa ba, a yi ta sirantar da ratsin har ya daina bi. Wanda ke kallon kan ɓeran bai kamata ya san wane ido aka yi wa dashe ba, domin mai fata yakan ga motsin da babu. Tsukewar tagar ido ma ba hujja ba ce: tun farkon shekarun 2000 aka gano wasu ƙwayoyin jijiya masu jin haske da kansu, shi ya sa ɓeran da ba shi da sanda ko mazurari ko ɗaya tagarsa ke tsukewa a haske mai ƙarfi. Kuma rd1 da ake kira makaho yakan riƙe ragowar mazurarai na watanni. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce a ciro tantanin a shimfiɗa shi kan faranti mai ƙananan wayoyi, a haska, a ji ko ƙwayoyin jijiyar da ke saitin dashen sun amsa, sannan a zuba maganin da ke toshe mahaɗar saƙo a ga ko amsar ta ɗauke.

Darasin da ya fi girgiza wannan fage ya zo a 2016. Shekara goma kafin nan, a 2006, wata ƙungiya a Landan da ta haɗa da Robert MacLaren da Rachael Pearson da Robin Ali ta dasa ƙananan sanduna na ɓera waɗanda aka sa wa koren rini mai haske, daga baya suka tarar da korayen ƙwayoyi zaune daram cikin sahun mai gida, da siffa cikakkiya. Kowa ya ɗauka baƙin ne suka shiga suka zauna, aka yi shekaru ana ƙirga su. Sai ƙungiyoyi uku, a Landan da Dresden da Oksfod, ciki har da masu aikin farkon da kansu, suka sake dubawa. Suka dasa koraye cikin ɓera mai jajayen ƙwayoyi, sai ga ƙwayoyi masu launi biyu. Suka dasa na namiji cikin idon mace, sai ga korayen da ke cikin sahu ba su da alamar namiji. Ashe mafi yawansu ƙwayoyin mai gida ne da suka shafi launin baƙo, kamar yadda shunin sabon rawani ke zuba a goshin mai shi. Baƙin na nan a waje, suna miƙa kayan cikinsu ta wasu siraran bututu. Wannan bai zama asara zalla ba, domin ƙwaya mara lafiya na iya samun abin da ta rasa ta wannan hanya. Amma majiyyacin da sandunansa suka ƙare ba shi da wanda zai karɓi kyautar. Tun daga lokacin, aikin da ya dasa ƙwayoyin mutum sai ya nuna da rini na musamman cewa cibiyar ƙwayar ta mutum ce, kuma an fi yarda da gwajin da aka yi a idon da masu kama haskensa suka riga suka ƙare.

Batun ƙari shi ne wanda hukumomin magani ba sa sassauci a kai. Ƙwayar tushe da ta ɓuya cikin dashe na iya zama ƙari mai haɗe-haɗe, da gashi da guringuntsi a ciki. Gwajinsa shi ne a gauraya ɗanyun ƙwayoyin tushe da gangan cikin nunannu, a ma'auni daban-daban, a sa wa ɓeraye marasa garkuwa, a bi su wata shida zuwa tara ko fiye, a ga daga wane adadi ƙari ke fitowa. Iyakar gwajin ita ce rayuwar ɓera: shekara biyu ce, mai dundumin gado kuwa yana iya ɗaukar dashensa shekara hamsin.

Abin da ya kai ga mutane

A 2012 aka buga rahoton farko daga Los Anjeles na majiyyata biyu da aka sa wa ƙwayoyin baƙar shimfiɗa dubu 50 kowanne. A watan Satumba na 2014, a Kobe, ƙungiyar Masayo Takahashi ta dasa wa wata dattijuwa mai shekara saba'in da wani abu ɗan faci, milimita 1.3 a 3, wanda aka reno daga fatarta. Facin ya rayu, ganinta bai ƙaru ba, bai kuma ragu ba. Majiyyaci na biyu an fasa yi masa saboda an ga canje-canje a umarnin gadon ƙwayoyinsa. A 2018 asibitin ido na Moorfields a Landan ya ba da rahoton mutum biyu da aka sa wa faci mai milimita 6 a 3, ɗaya ya ƙaru da harafi 29 a allon gwajin gani, ɗaya da 21. A 2020 aka sa wa masu dundumin gado biyu yankunan tantanin reno a Kobe, yankunan suka rayu shekara biyu a idonsu ba tare da ƙari ba. Duk waɗannan gwaje-gwaje ne na mutane ƙalilan, babban burinsu a ga ko abin ba ya cutarwa.

A gefe guda, a 2015 wasu mata uku a jihar Filorida, masu shekara 72 zuwa 88, sun biya dala dubu biyar kowace a wani wuri mai tallar maganin ƙwayoyin tushe. Aka tatso kitsen cikinsu aka tsira musu a ido biyu rana ɗaya. Jini ya zuba, tantanin ya finciko, dukansu suka yi mummunar asarar gani, ɗaya ta makance ɗungurungum. Alamomin da suka bambanta wannan da bincike na gaskiya a fili suke: gwaji na ƙwarai ba ya taɓa ido biyu a tare, ba ya karɓar kuɗin majiyyaci, kuma yana da bayanin dabbobin da aka fara gwadawa. Iyalan da ke tara kuɗi don fita da ɗan'uwa waje neman magani sun cancanci a gaya musu wannan tun a ɗakin likita.

Masu hawan jinin ido, gilokoma, su ma sukan tambaya ko dashe zai amfane su, amma nasu ne ya fi nisa. A wurinsu ƙwayoyin jijiya ne suka mutu. Baƙar shimfiɗa zama kawai ake so ta yi a wurinta, mai kama haske kuma maƙwabcinsa na kusa zai miƙa wa hannu. Sabuwar ƙwayar jijiya sai ta ratsa wata fata da ke saman tantanin ta shiga sahu, ta karɓi saƙo daga na ƙasa da ita, sannan ta miƙa zarenta ya bi jijiyar gani mai tsawon kusan santimita biyar, ya tsallaka mararrabar da jijiyoyin ido biyu ke haɗuwa, ya sauka a daidai mazauninsa cikin ƙwaƙwalwa. A ɓera, inda tafiyar ba ta wuce ƴan milimitoci ba, kaso kaɗan ne na ƙwayoyin da aka dasa ke rayuwa, waɗanda zarensu ya kai ko bakin jijiyar kuwa sun fi haka ƙaranci.